Bijimai Biyu, Diyya Ɗaya: Nazarin Wata Taƙaddamar Inshorar Dabbobi A Gombe

Wasiƙar da kamfanin inshora ya aiko wa Hajiya ba ta cika shafi ɗaya ba. Bijimai biyu ta rasa cikin kwana 12, kamfanin ya ce ba zai biya ko ɗaya ba. Na farko, a cewarsa, babu rahoton likita kan abin da ya kama shi, kuma ba a kawo ɗan kunnen da ke ɗauke da lambarsa ba. Na biyu kuwa ciwon huhu ne ya kashe shi, cutar da kan daɗe a ɓoye cikin jiki, don haka kamfanin ya ɗauka da ita aka sayo shi tun daga kara. Bayan wata uku ana kai ruwa rana, an biya diyyar sa na biyu, na farko kuma ya tafi ke nan.

Ni ne ke riƙe da takardun ƙungiyarmu ta masu turka, kuma da izinin Hajiya na zauna na bi fayil ɗin shafi-shafi, na ji ta bakin waɗanda abin ya faru a gabansu. Na ɓoye sunaye, har da na kamfanin.

Garken da sharuɗɗan

Hajiya tsohuwar shugabar makarantar firamare ce. Da ta yi ritaya, sai ta haɗa kuɗin sallamarta da rancen banki ta kafa turka a wani fili da ta gada a bayan gari, ta hanyar Kumo. Lissafinta shi ne na kowa: a sayi shanu bayan kaka, lokacin da harawa da ƙowa da dusa ke araha, a ƙara musu da angurya da kanwa, a fitar da su gab da Babbar Sallah. Bijimai takwas ta saya, biyar a kasuwar dabbobi ta Tike, uku a kasuwar Kumo, yawancinsu bunaji, biyu bokolo.

Inshorar ba ra'ayinta ba ce, banki ne ya gindaya ta a matsayin sharaɗin rance. Haka abin yake tun da gwamnatin tarayya ta kafa tsarin inshorar noma a 1987, aka kuma yi dokar hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, a 1993, wadda ke da tallafin da kan kai rabin kuɗin da manomi zai biya. Yau akwai kamfanoni masu zaman kansu da na takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, da ke wannan harka, dukansu a ƙarƙashin kulawar NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora. Mu nan da yawanmu kallon inshora muke a matsayin wani harajin banki. A sa hannu, a karɓi kuɗi, takardar kuma a jefa ta ƙarƙashin katifa.

Takardar Hajiya tana da sharuɗɗa da yawa, amma biyar ne suka yi aiki a wannan lamari. Cutar da ta bayyana cikin kwana 30 na farko ba a biya, haka duk wadda dabba ta zo da ita. Dole a yi rigakafin da likita ya tsara. Sabuwar dabba sai an keɓe ta kwana 21 kafin a haɗa ta da sauran. In dabba ta kamu ko ta mutu, a sanar cikin awa 24. Sannan ba a yanka dabba mai inshora sai da amincewar likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, shi ne kuma zai feɗe ya rubuta rahoto, a haɗa da ɗan kunnen.

Ranar da aka sa lamba, likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe baki ya ƙirga haƙora don kimanta shekaru, ya ɗaga fatar ido, ya sa abin sauraro a haƙarƙari, ya tura ma'aunin zafi ta dubura yana faɗin abin da ya gani, 38.4, 38.7, 38.5. Wakilin kamfani yana ɗaukar hoton kowane sa ta gefe da ta fuska, lambar tana fitowa. A makon da ya biyo aka yi musu allurar ciwon huhu da ta harbin daji, irin waɗanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke haɗawa, likita ya rubuta lambar kwalba da ranar ƙarewar aikinta a katin kowane sa.

Kafin ya tafi ya ce, "Hajiya, ki samu wanda zai riƙa rubuta abin da ke faruwa. Ni ba kullum nake nan ba."

Wannan aiki ya faɗa kan ɗiyar ƙanenta, yarinyar da ke zaune a gidan tana jiran sakamakon jarrabawa. Littafin rubutu ta saya irin na 'yan makaranta, ta ware wa kowane sa shafi huɗu. Duk Juma'a da safe ita da Bappa, dattijon da ke kula da shanun, sukan auna zafin kowane ɗaya, su zagaya ƙirjinsa da tef ɗin tela, ta rubuta. Malamar makaranta ce ta rene ta, saboda haka kwanan wata ba ya ɓace mata, kuma ba ta rubutu da fensir.

Baƙin bijimai

A mako na bakwai wani dillali ya kawo wa Hajiya labarin bijimai biyu da mai su ke neman kuɗi da gaggawa. Farashin ya yi sauƙin da ya kamata a ce ya sa ta tsaya ta yi tunani, amma mai turka da ya ga araha ba ya cika jin kira. Ta saya, ba ta sa su a inshora ba, ba ta kuma kira likita ya duba su ba. Abu ɗaya ta yi daidai: ta sa aka ɗaure su a bayan rumbun harawa, da nasu kwamin ruwan, har kwana 23. Yarinyar ta buɗe musu shafi, ta rubuta ranar zuwa da ranar da aka haɗa su da sauran. A gefen ɗaya daga cikinsu ta rubuta, "yana ɗan tari in an kore shi, Bappa ya ce ƙurar hunturu ce."

Kimanin mako biyar bayan haɗa su, sa mai lamba 3 ya fara rage cin abinci. Bappa ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro a ruga. Ya je kantin maganin dabbobi ya sayo kwalbar oxytetracycline mai dogon aiki da kuɗinsa, ya yi masa allura, bayan kwana uku ya sake. Bai faɗa wa kowa ba. Ba mugunta ba ce, a wurinsa makiyayin da ke kiran likita saboda tari ya nuna bai san aikinsa ba. Ranar Juma'ar ta zo daidai da wani biki a Dukku, yarinyar ba ta nan, shafin wannan mako babu komai a kai.

Daren Talata san ya kwanta ya kasa tashi, ya miƙe wuya, yana nishi da ƙyar. Bappa ya kira Hajiya wajen ƙarfe ɗayan dare.

"Hajiya, wannan ba zai kai asuba ba. In ba a sa masa wuƙa yanzu ba, mushe zai zama."

"Bappa, ka yi abin da ya dace," ta ce.

Kafin gari ya waye mahauci ya feɗe, ya biya kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka sayi san, ya kwashe komai, kai da ƙafa da kayan ciki. Ɗan kunnen ya bi kan zuwa wurin masu babbaka. Da likita ya iso da hantsi, jini da toroso kawai ya tarar, sai kwalbar da babu komai a ciki a jikin danga.

A nan nake ganin matsalar ta fi ƙarfin Hajiya ita kaɗai. Wanda ya tsara sharaɗin "kar a yanka sai likita ya zo" yana tunanin wurin da likita ke amsa waya da tsakar dare ya kuma iso cikin rabin awa. Musulmin da ke tsaye a kan sa mai shure-shure kuwa abin da ya sani shi ne, muddin da sauran rai yanka ya halatta shi, in rai ya fita ya zama haram, ko kyauta ba a ba da shi. Ba za ka ce masa ya naɗe hannu ba. Sai dai akwai hanyar da ba ta saɓa wa kowa, kuma likitan ya ce da an kira shi da ita zai ba da shawara: a buga masa waya ko da bidiyo ne ya ga halin da san ke ciki ya ba da izini, a yanka, a yanke kunnen da lambar a ajiye, a bar huhu da zuciya da hanta a cikin roba a inuwa har ya zo. Cuta ɗaya ce ba a yi wa haka. In dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ana zargin ciwon saifa, irin wanda ya ɓulla a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Wannan ba a yanka ba a feɗewa, don yana kama mutane.

Sa mai lamba 6

Tun da likita ya zo, sai ya auna sauran. Mai lamba 6 yana da zafi 40.8, ya ware ƙafafun gaba, in an buga haƙarƙarinsa na dama sai ya yi nishi. Nan take likita ya sa aka ware shi, yarinyar ta aika wa wakilin kamfani saƙo ta WhatsApp da hoton katin, kuma daga ranar ake auna zafinsa safe da yamma. An ba shi magani da sanin likita, kowace allura da sunanta da yawanta da sa hannu. Likitan ya gaya wa Hajiya gaskiya cewa magani kan kwantar da alamun ciwon huhu ba tare da ya kawar da ƙwayar ba, shi ya sa hukumomi ba sa ƙarfafa shi. Ya kuma kai rahoto ofishin daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha, domin cuta ce da doka ta wajabta a sanar.

San ya mutu a rana ta goma sha biyu, da rana tsaka, likita na kan hanya. Ba a yanka shi ba, jikinsa cike yake da magani. Wakilin kamfani yana tsaye aka buɗe ƙirjin. Ruwa rawaya ya malalo da yawa, huhun dama ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri kamar hanta, da aka tsaga shi sai ga zane-zane, wani wuri ja, wani toka-toka, jijiyoyi masu kauri sun rarraba shi gida-gida. Likita ya ɗauki hoto da ɗan kunnen a gefe, ya yanki huhu da kaluluwa, ya ɗebi ruwan, ya sa a ƙanƙara aka tura Vom. Sakamako ya tabbatar da ciwon huhu. A rahotonsa ya ƙara layi ɗaya da babu wanda ya kula da shi a lokacin: bai ga tsohon ƙulli a huhun ba, duk raunin sabo ne.

Kafin ya miƙa rahoton ne Hajiya ta same shi da wata buƙata. Ya rubuta a katin mai lamba 3 cewa an yi wa san allura sau biyu ba da saninsa ba, kuma kwana takwas suka wuce tsakanin fara ciwo da sanarwa.

"Likita, wannan layin zai kashe ni. Ba za a iya cire shi ba? Ka rubuta kawai ka gan shi ranar Litinin."

"Hajiya, ke uwa ce a wurina, amma ban gan shi ba. In na rubuta na gani, ranar da aka kama ni a wannan, katin mai lamba 6 ma ya zama takardar tsire."

Ta yi fushi, kusan wata guda ba ta ɗaukar wayarsa. Akwai kuma abin da ya fi damun likitan fiye da diyya. Kwalbar da Bappa ya yi amfani da ita an rubuta a jikinta kwanakin da za a jira kafin a ci naman, galibi mako uku zuwa huɗu ga irin wannan magani. Ciwon huhun shanu ba ya kama mutum, amma naman mai lamba 3 ya shiga kasuwa da ragowar magani a cikinsa, kuma babu wanda ya san tukunyar da ya faɗa.

Gardamar

Hujjar kamfani kan mai lamba 6 ba ta banza ba ce. Ƙwayar ciwon huhu takan ɗauki mako uku zuwa takwas kafin ta nuna kanta, wani lokaci har wata shida. Sa zai iya wuce gwajin ranar farko lafiya ƙalau alhali yana ɗauke da ita. Jami'in tantance asara ya ƙara da tambayoyi biyu: in an yi rigakafi da gaske, me ya sa ya kamu? Kuma me ya sa aka shigo da baƙin shanu ba a sanar ba?

Amsar da ƙungiya ta taya Hajiya rubutawa ba ta da rantsuwa ko ɗaya a ciki, duk da cewa Bappa ya ce a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Takardu aka jera.

Na farko, littafin yarinyar. Mako 14 a jere zafin mai lamba 6 bai wuce 39 ba, awon ƙirjinsa kuma yana ƙaruwa kusan kowace Juma'a. Jami'in ya juya littafin yana neman alamar an zauna an cike shi rana ɗaya. Abin da ya gani shi ne biro kala uku, shafin da ruwa ya taɓa, tabon kashin shanu, da gurbin makon bikin Dukku da aka bari fayau. Ya faɗa da bakinsa cewa wannan gurbin ne ya sa ya yarda da sauran, don mai ƙirƙira ba ya barin rami.

Na biyu, katin rigakafi mai lambar kwalba. Likita ya yi bayani a rubuce cewa allurar ciwon huhu da ake amfani da ita, wadda ake kira T1/44, ba ta kare kowace dabba ɗari bisa ɗari, kariyarta ba ta cika wuce shekara ba, kuma tana lalacewa da wuri in ta sha zafi ko ta daɗe bayan an haɗa ta. Yarjejeniya ta ce a yi rigakafi, an kuma yi. Ba ta ce dole rigakafin ya yi nasara ba.

Na uku shi ne batun keɓewa, kuma a nan abin ya ba ni mamaki. A ilimin likita kwana 21 ba su isa su tona asirin ciwon huhu ba. Amma kwana 21 takarda ta nema, littafi ya nuna 23. Da aka sake karanta sharaɗin, sai aka ga keɓewa ya ambata, bai ce a sanar da kamfani sayen dabbar da ba ta cikin inshora ba. Kamfanin ne ya rubuta takardarsa, shi ya sa jami'in bai ja da nisa ba.

Abin da ya rufe bakin kowa daga kwata ya fito. Likita ya ba da shawarar a rabu da baƙin bijiman nan biyu, aka kai su yanka, ya kuma roƙi ma'aikacin duba nama ya lura da huhunsu. A huhun wanda yarinyar ta rubuta yana tari aka samu tsohon ƙulli, ruɓaɓɓen nama da jiki ya naɗe da fata mai kauri. Irin wannan dabba takan warke a ido, ta ci ta yi ƙiba, amma ƙwayar na nan da rai a cikin ƙullin wata da watanni, tana fita da tari. Ma'aikacin ya hana sayar da huhun, ya ba da takarda. Da aka ajiye wannan takarda kusa da layin nan na rahoton likita, cewa raunin mai lamba 6 sabo ne, da ranar da aka haɗa shanun, sai lissafi ya fito da kansa: daga baƙo cutar ta zo, makonni bayan inshora ta fara aiki.

An rubuta a ƙarshen wasiƙar cewa in ba a warware ba za a kai ƙorafi sashen sauraron koke na NAICOM. Ba a kai ga haka ba.

Kan mai lamba 3 kuwa babu abin kamawa. Kowa ya san ciwo ɗaya ne ya kama su, jami'in ma bai musa ba. Amma babu huhu, babu lamba, babu izinin yanka, sanarwa ta makara da mako guda, ga allurar da ba likita ya ba da ba. Wasu 'yan ƙungiya sun ce zalunci ne, tun da gaskiyar a fili take. Ni ban ga haka ba. In kamfani zai biya san da ba a ga lambarsa ba, gobe wani zai sayar da nasa a Tike da lafiyarsa ya zo yana share hawaye, kuma kuɗin da za a ɗora wa sauranmu ne zai ƙaru. Inda nake ganin laifin kamfanin shi ne ranar sa lamba. Wakilinsu ya yi awa biyu a garken yana ɗaukar hoto, bai ɗauki minti biyar ya zauna da Bappa ya gaya masa da Hausa ko Fulatanci abin da zai yi in sa ya kwanta da dare ba. Takardar da Turanci take, Hajiya ta sa hannu, amma wanda ke kwana da shanun bai taɓa jin abin da ke cikinta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu karnukan gadi da dawaki a cikin gari da suka fara sha'awar inshora su ma da wannan za su haɗu. Katin allurar haukan kare da babu kwanan wata da sa hannun likita mai rajista bai da amfani ranar neman diyya, kuma duk ciwon da aka taɓa rubuta wa dabba kafin a shiga yarjejeniya, kamfani zai nemo shi.

Abin da aka biya

Diyyar mai lamba 6 ba ta kai yadda Hajiya ta zata ba. Farashin saye aka rubuta a matsayin darajar san, ba abin da zai kai bayan wata huɗu yana cin angurya ba, kuma yarjejeniya ta ce mai dabba zai ɗauki kashi 10 cikin 100 na kowace asara. Abincin da ya ci, kuɗin magani, kuɗin kai samfur Vom da na haƙa ramin da aka binne shi, duk a kanta suka tsaya. Kuɗin ma ba su shiga hannunta ba, asusun rancen aka tura su kai tsaye, tun da sunan banki ne a takardar.

Sauran shidan an tsare su a garken har ofishin jiha ya ba da izinin fitar da su, kuma kwata aka kai su kai tsaye maimakon kara, abin da ya rage musu farashi. Ta biya banki, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Da za ta sabunta inshorar a zagaye na gaba, ta nemi abu biyu a rubuce kafin ta sa hannu: a riƙa sake kimanta darajar shanun bayan wata uku ta biya bambancin, kuma a amince da izinin yanka da likita ya bayar ta waya in akwai bidiyo da huhu da kunne. Kamfanin ya yarda da na biyu, ya ce na farko sai an ƙara kuɗi, ta ƙara. Yarinyar ta samu gurbin karatu ta tafi, don haka yanzu Bappa ne ke aiko da saƙon murya kowace safiya, lamba kaza ya ci, lamba kaza ya bar saura, Hajiya na kwafewa a littafi da kanta. Allura kuma an yi yarjejeniya da mai kantin cewa ba zai sayar wa Bappa ba sai ya ji muryar likita.